Dutsen da Na Liƙa a Bangon Bufiya

Tun da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na kai kofi baki sai wani ya leƙo bufiya: "Abu Faisal, barka da sauka! To yaya dutsen?" Na ba masu gyaran waya na layinmu labarin nan, na ba direbobin da ke tsayawa cin tsire bayan la'asar, abokina Ɗan'asabe kuwa sau huɗu na ba shi, kuma kowane karo sai ya gyara mini wani wuri, shi da iyakar tafiyarsa Jidda. Shekaranjiya na ji yana gaya wa wani Bazabarme wai kifi ya kusa haɗiye ni. Shi ya sa na ce gara in rubuta da hannuna, kafin a kai ga cewa ya haɗiye ni ya amayo.

Wanda bai san ni ba, ni ne mai Bufiyar Daimon da ke Mansur, a nan Makka. Tsire muke yi, wanda Larabawa ke kira siriya, da lemo da shayi. Mahaifina ne ya buɗe ta. Mutumin Kano ne, ya taso yana saurayi da niyyar hajji, ya biyo ta Sudan ya ƙetaro, ya gaya wa mahaifiyarsa da an sauko Arfa zai kamo hanya. Yana nan a maƙabartar Makka yanzu, bai kamo hanyar ba tukuna. Dala ya sa wa shagon suna, ya manna hoton Dutsen Dala a bango, wani ɗan hoto marar launi da wani alhaji ya kawo masa tsaraba.

Da ya rasu shago ya dawo hannuna, ni kuma a lokacin ina jin kaina ɗan zamani. Na je kasuwar gwanjo a Jidda na ga wani makeken hoton bango: dutse kore shar, teku shuɗi, itatuwan kwakwa, a ƙasa an rubuta Diamond Head da boko. Ban san inda yake ba, ban kuma tambaya ba. Hoton Dalan da Baba ya manna ya ƙi ɓamɓaruwa, sai na liƙa sabon a kansa, na kira wani Basudane mai rubutun allo ya sauya sunan shago zuwa Daimon. Daga baya wani kwastoma ya gaya mini tsohon dutse ne mai aman wuta a wani tsibiri da ake kira Hawai, can bayan Amurka. Na ce madalla, ai ko a bayan duniya yake shago ya riga ya yi takwara.

A ƙarƙashin hoton nan ɗana na fari ya koyi zama, a nan yake aikin makaranta, a nan yake barci a kan buhun albasa. Da ya girma ya samu gurbin karatu a waje, aka ce ya zaɓi jami'a, sai ya zaɓi ta tsibirin. Shekara huɗu aka ce. Yanzu ana cikin ta goma sha ɗaya. Ya gama, ya kama aikin duba lafiyar murjani a cikin teku, ya auri 'yar can, sun haifi 'ya. Uwarsa ba ta taɓa zargin jami'a ba, ba ta zargi yarinyar ba, ni kaɗai take zargi. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Ita ta tura ni. Ta sa an gyara hawa na sama na gidanmu, an yi fenti, an sa na'urar sanyi sabuwa, har labule ta zaɓa. Gwiwarta ba ta barinta zaman jirgi, don haka ranar da biza ta fito ta zaunar da ni.

"Ka ji ni da kyau, ya Abu Faisal. Ba yawon ido na aike ka ba. Ka buɗe baki ka ce masa ya dawo gida. Kai ka liƙa dutsen, kai za ka je ka ɓamɓaro min ɗana."

Na ce, "Tayyib, in sha Allahu."

"Ban da in sha Allahun Hijaz. Ta gaskiya nake so."

A nan matsalar take, kuma sai Bahaushe zai gane ta. Yaron ɗan fari ne. Ni a hannun Bakano na tashi, don haka tunda aka haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ido da ido ba. "Kai" nake ce masa, ko "wannan". Abin dariyar shi ne duk Mansur da sunansa ake kirana, safe da yamma, ni kuwa mai sunan ban taɓa furta shi ba. In ina da magana da shi, uwarsa nake gaya wa, ita ta isar. Yanzu mai isarwar ce ta aike ni.

Kayan tafiya ita ta haɗa. Dabinon Madina, turaren wuta, zamzam, yaji kwalba uku, da kilishi da ta sa aka yi musamman, ta naɗe shi cikin takarda ta cusa tsakanin jallabiyoyina. Na ce mata an ce ba a shiga da nama. Ta ce kilishi ba nama ba ne, tsaraba ce.

Ɗan'asabe ya kai ni filin jirgi a Jidda, yana ba ni shawarwari a kan Amurka tun daga shingen fita Makka har bakin ƙofa. Jirgin kuwa, ban san ana iya ajiye ɗan Adam a kujera ɗaya tsawon haka ba tare da ya aikata laifi ba. Na yi barci na farka, na ci abinci na sake barci, na duba allon gabana, har yanzu muna kan ruwa. Rana ta ƙi faɗuwa. Na tambayi maƙwabcina, wani Bamisire mai sayar da kayan asibiti, ko azahar ta yi. Ya ce, "A wace ƙasa, ya hajj?" Na haɗa sallolina na bar wa Allah lissafin.

A birnin farko da muka sauka a Amurka aka yi mini tarbar da ba a taɓa yi mini ba. Muna jiran jakunkuna sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga, ya wuce mutum ɗari bai kula kowa ba, ya zo ya zauna a gaban jakata yana kallona kamar mun yi makarantar allo tare. Jami'ar da ke riƙe da shi ta yi murmushi ta ce in biyo ta. Aka buɗe jaka. Dabino ya wuce, turare ya wuce. Wani jami'i ya ɗaga kilishi da yatsa biyu ya tambaye ni mene ne. Turancina na bufiya ne, bai wuce gaisuwa da farashi ba, sai na ce masa biskit ne na Afirka. Ya shinshina, ya yi atishawa sau uku, idonsa ya kawo ruwa, ya jefa shi cikin wani kwando. Yajin kuwa sai da suka kira mutum na uku, suka tsaya a kansa su uku suna shawara. A ƙarshe suka bar mini yaji suka riƙe nama. Na yi shekara talatin ina yi wa alhazai dariya in an ƙwace musu goro da man shanu a Jidda, ga shi na tsaya ina yi wa karen nan Allah ya isa a zuci.

Daga nan wani jirgin kuma, wasu awoyin a kan ruwa. Da muka sauka na hango shi a bakin fita. Ya yi ƙiba, ya yi baƙi, yana sanye da riga mai furanni irin wadda in namiji ya sa a Mansur sai an kai shi ruƙiyya. Ya rungume ni ya sumbaci kaina, ni kuma na ce, "Kai, ka yi ƙiba," don ita ce maganar da ta zo bakina. Matarsa Maryam, sunan da ta zaɓa da ta musulunta, ta rataya mini sarƙar furanni a wuya. Dattijo mai shekara sittin da uku, da furfura, da furanni har ciki kamar angon Jizan. Suka ɗauki hoto. Na roƙe su da girman Allah kada ya isa wayar Ɗan'asabe, amma kafin mu kai mota ya isa.

Gidansu ɗan ƙarami ne, falonsa bai kai kicin ɗin hawan da uwarsa ta gyara ba, na kuma lura da haka na ajiye a raina don amfanin gaba. Abu ɗaya ya burge ni: mutanen tsibirin a ƙofa suke cire takalmi, kamar mutanen kirki. Kuma duk wanda ya girme su kawu ne ko inna, ko sun san shi ko ba su san shi ba. Mai shago ya ce min kawu, direban bas ya ce min kawu. Ban taɓa tara 'ya'yan 'yan'uwa da yawa haka ba, kuma ko ɗaya bai roƙe ni komai ba.

Da lokacin salla ya yi na ce ina gabas. Yaron ya fito da waya yana juyawa a tsakiyar falo kamar mai neman sabis, sannan ya nuna mini wajen arewa. Ni da nake hango hasumiyar Harami daga rufin gidana, yau waya ce za ta gaya mini inda Ka'aba take, kuma wai arewa. Na yi sallar, amma zuciyata ba ta kwanta ba sai da na ga liman a masallacinsu ranar Juma'a ya fuskanci can shi ma.

Abinci kuwa, Maryam ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Ta kawo wani abu mai ruwan toka-toka, gwaza ce aka kirɓa aka bari ta yi tsami, ba gishiri ba miya, ana lakata da yatsa. Ta kawo kifi ɗanye, an yanka shi ƙanana an zuba masa mai da albasa. Na jira a kai shi wuta, sai na ga kowa ya sa cokali. Mutum ya mallaki murhu, ya biya kuɗin gas, ya zauna ya ci kifi yadda Allah ya halicce shi. Na fito da yajin da na ƙwato daga hannun hukuma na barbaɗa, da shi na rayu kwana goma.

Sai 'yar. Shekararta uku, sunan uwarsa yaron ya sa mata, kuma Ummi yake kiranta. Wannan ya ba ni mamaki. Yaron da Hausarsa ta kakkarye, wanda Larabci ya fi masa sauƙi tun yana ƙarami, ashe ya riƙe kunyar sunan uwa har bayan duniya. Yarinyar ba ta jin Hausa, Larabcinta bai wuce "jaddi" da "la'" ba, wato "kakana" da "a'a", amma goshin kakarta ne da ita sak, da irin kallon nan da ke sa mutum ya tuna laifin da bai yi ba. Ranar farko ta ɓuya a bayan uwarta. Rana ta uku tana zaune a cinyata tana cire min dabino daga baki. Ina son yarinyar nan, ba zan ɓoye ba, har na ji haushin kaina da na bari ta kai shekara uku ban gan ta ba.

A jikin firij ɗinsu akwai wani ɗan hoton Jabalun Nur, dutsen nan na Makka mai kogo, bai fi tafin hannu ba, irin wanda ake sayar wa alhazai. Kullum da safe sai Ummi ta ja ni ta nuna shi da yatsa ta ce, "Jaddi." An gaya mata can kakanta yake. Ina jin a ganinta a cikin kogon nake kwana.

Ban manta da aikena ba. Na fara da hannunka mai sanda, yadda aka koya mana. Muna cin abinci na ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Ya ce, "Sah, ya abuya," wato haka ne baba, ya miƙo min ruwa. Washegari na ce hawan sama ya yi kyau, ga fenti ga sanyi, sai dai ba kowa. Ya ce me zai hana mu sa 'yan haya lokacin Umra. Na ce na ji an ce Bahar Maliya cike take da murjani, tafiyar awa ɗaya daga ƙofar gidanmu, ko shi wancan ba ya rashin lafiya? Ya yi murna ƙwarai da tambayar, ya buɗe kwamfuta ya yi min lacca ta awa guda da hotuna. Karin magana ga yaron da ya tashi da Larabcin Hijaz asarar gishiri ce. Kullum da yamma, wato asubar Makka, uwarsa na bugowa: "Ka faɗa?" In ce ina shirya ƙasa. Ta ce, "Noma na aike ka?"

A kwanakin nan na gano cewa bufiyata ba ita kaɗai ce takwarar dutsen ba. Titi sunansa, bakin ruwa sunansa, gidan burodi, likitan haƙori, makarantar yara, har wani shago da ake yi wa karnuka wanka da aski. Na tsaya a gaban wannan na daɗe. Shekara talatin ina alfahari da suna, ashe da wanzamin karnuka nake tarayya. Kuma mutanen asalin wurin ba ma haka suke kiransa ba, Le'ahi suke cewa. Maryam ta ba ni labarin: wasu Turawan jirgin ruwa ne a zamanin da suka ga duwatsu na ƙyalli a gindinsa, suka ɗauka daimon ne, suka kwasa, ashe ba komai ba ne. Sunan kuskure ne tun asali. Na ce ai ba su kaɗai dutsen ya yi wa haka ba.

Saura kwana biyu in tafi aka ce za a kai ni in hau shi. Sai da aka yi min rajista a waya tukuna, aka ba ni lokaci, kamar mai neman izinin shiga Rauda. Muka tafi da safe mu uku, Ummi tana wajen kakarta ta wajen uwa. Mota ta bi ta wani rami da aka huda a jikin dutsen, muka ɓullo a cikin cikinsa, don ashe ƙaton kwano ne, tsakiyarsa fili.

Jama'a, ina kore? Ciyawa busasshiya, ƙasa ja, itatuwan ƙaya, rana kamar ta Mina. In da an rufe min ido an sauke ni a nan, da na rantse bayan Muzdalifa nake, in fara neman inda bas ɗinmu ta tsaya. Na ce wa yaron, "Kai, wannan ne?" Ya ce in an yi ruwa yana yin kore, kuma hoton daga waje aka ɗauka. Kwana biyu a sama, kilishina a kwandon hukuma, don in ga abin da ke bayan gidanmu kyauta.

Muka kama hawa. Ni ɗan Makka ne, na hau Jabalun Nur ba sau ɗaya ba, don haka na ƙi takalmin da suka ba ni na tafi da silifas ɗina, na kuma ƙi sanda. Na manta cewa hawana na ƙarshe ina da shekara ashirin da biyar. Hanya ta yi ta lanƙwasa, sannan matakala, sannan wata matakalar da ta miƙe tsaye kamar tsani. A nan wata tsohuwa, 'yar firit, da hular rana, ta girme ni nesa ba kusa ba, ta zo wucewa ta dafa kafaɗata ta ce wani abu. Maryam ta fassara: wai in yi a hankali, kawu, kullum da safe take hawa. Na ce a gaya mata ni tsayawa na yi ina tasbihi.

Inda na zauna hutawa na ga wani ɗan dutse yana ƙyalli, na ɗauka na jefa a aljihu don in kai wa Ɗan'asabe in ce daimon ne. Maryam ta durƙusa kusa da ni, cikin ladabi ƙwarai, ta kira ni kawu da ɗan Larabcinta, ta ce, "Ammi, dutsen nan ba a fita da shi. Inda aka same shi ake barinsa." Ni da nake faɗa wa alhazai haka duk shekara in na ga suna cusa tsakuwar Muzdalifa a jaka za su kai gida. Na fito da shi na ajiye, na yi kamar dama dubawa nake.

Kusa da ƙarshe akwai wani rami siriri mai duhu da sojoji suka haƙa a da, mutum ɗaya-ɗaya ake bi. Yaron yana gaba, mutane suka shiga tsakaninmu, silifas ɗina ɗaya ya tsinke, ƙirjina ya riƙe, numfashi ya ƙi sauka. Na ce, "Kai!" Ba wanda ya juyo. Na ce, "Kai, wannan!" Ramin cike da "kai" na harsuna goma. Tsoro ya kama ni sosai, na ga zan mutu a cikin hoton bangon shagona. Sai na ji bakina ya ce, "Faisal!"

Ya juyo kamar an harbe shi. Ya ture mutane ya iso, ya riƙe ni, ya fito da ni sarari ya zaunar a kan wani dakalin siminti. Ya ba ni ruwa.

"Abuya, ka kira sunana."

"Na sani. Ba kurma ba ne ni."

A gabanmu ga teku har iyakar gani, ga birnin a ƙasa fari fat, ga shuɗin nan na hoton, ashe shi dai ba ƙarya ba ne. Maryam ta matsa can gefe tana kallon ruwa. Na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tunda suna ya fita sauran ma su fita.

"Faisal, uwarka ta ce ka dawo gida. Ni ma na ce. Mun tsufa. Hawan sama naka ne, ba na 'yan haya ba."

Ya rufe gorar ruwan. Sannan ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi, "Abuya, na gane tun ranar farko. Karin maganar duka na gane. Ina jira ka faɗa da bakinka ne." Ya share fuska. "Jaddi, babanka, ranar da ya bar Kano, esh ya ce wa mamarsa?"

"Ya ce da an sauko Arfa zai dawo."

"Ya koma?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Shi Makka ya zo! Kada ka haɗa min Ɗakin Allah da tsibirin masu cin ɗanyen kifi."

"Sah, wallahi sah. Amma ita mamarsa ba Makka ta gani ba, ƙofa ta yi ta kallo." Ya nuna Maryam da haɓa. "Ita kaɗai ce wajen mamarta, kuma mamar ba lafiya. In na ɗauke ta, wata ce za ta kalli ƙofa. Zan zo kowane Ramadan, ni da Ummi, wannan alkawari ne. Amma ba zan ce maka bayan Arfa ba, ya abuya. Ba zan yi maka wannan ba."

Na so ya yi min ƙarya, wallahi na so, ko ta shekara biyu ce, in samu abin kai wa uwarsa. Ya ƙi.

Muna saukowa, ina sanye da takalminsa shi yana tafe da safa, ya ce, "Hoton Dalan Jaddi yana nan, ka sani? Ta ƙasa wajen firij takardar ta ɗago. Ina yaro nakan ɗaga in leƙa." Ni dai ina lura da matakala.

Dawowa ba labari. Ba kare, ba jami'i, ba wanda ya damu da abin da mutum zai fita da shi. Ummi ta yi kuka a filin jirgi, ni kuma wani abu ya faɗa min a ido. Ɗan'asabe ya tarbe ni a Jidda, ya leƙa bayana ya ga ba kowa, kuma a karo na farko a rayuwarsa ya yi shiru har Makka.

Ummu Faisal tana zaune a falo da kayan fita unguwa, ta yi turare. Ta kalli ƙofa bayan na shigo, ta ci gaba da kallonta kaɗan. Na zauna na faɗa mata duka, ban rage ba, har da sunan da na kira. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta tashi da kyar ta hau sama, hawan da likita ya hana ta, na ji ta kashe na'urar sanyin da ta kunna tun safe.

Washegari na buɗe bufiya kafin yaran shago su zo, na durƙusa wajen firij na ɗaga gefen takardar. Yana nan. Dala, ya yi ja, gam ya ci rabinsa. Shekara talatin Baba yana kallon wannan yana juya tsire, ban taɓa tambayarsa me yake gani ba. Na mayar da takardar na danne.

Da azahar ta kira ni gida. Ta sa na sake nuna mata hotunan Ummi, ta tsaya a kan wanda yarinyar ke nuna firij.

"Wannan ɗan mitsitsin fa?"

"Jabalun Nur ne. Kullum sai ta nuna shi."

"Gadonta, me ke bangon?"

"Ba komai. Fari ne."

Ta ajiye wayar. "Ka tafi wajen masu buga hotuna. Jabalun Nur nake so, girman na shagonka, bango guda, da launi. A aika musu, a liƙa a kan gadonta. Da gam mai ƙarfi, irin wanda ka sa."

Na ce, "Ya Ummu Faisal, wancan fa sai da ya shekara ashirin a ƙarƙashin hoto kafin ya bi shi. Ni sittin da uku gare ni, ke kuma..."

"Ban tambaye ka shekaruna ba," in ji ta. "Ka rage cin kitse."

An aika hoton makon jiya. Masu tambaya ta me ya sa na daina ɗanɗana tsiren shagona, na koma dafaffen kabewa kamar marar lafiya, ga amsarku nan.